Kalmar da malam ya ja wa layi biyu

Ina aji huɗu a jami'a na kai wa malamin da ke duba kundina babi na biyu. Bayan mako guda ya maido mini da shi. Bai yi wani dogon gyara ba. Kalma ɗaya ya rubuta da jan biro a gefen shafi na uku, ya ja mata layi biyu: desultory.

Raina ya ɓaci, don na ɗauka rago yake ce mini, alhali na yi wata biyu ina wuni a laburare. Da na buɗe ƙamus sai na tarar ba lalaci take nufi ba. Tana nufin aikin da ba shi da alƙibla, a taɓa wannan a saki, a kama wancan. Turawa kan faɗe ta a kan hirar da ba kai ba gindi, ko harbe-harben da ake ji jefi-jefi. Mu da mun ce kame-kame.

Asalinta ne ya tsaya mini a rai. Daga Latin ta fito, ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. A tsohuwar Rum, a filin sukuwa, akwai mahayin da ake kira desultor, daga kalmar da ke nufin dirowa. Dawakai biyu yake sakin wa linzami kafaɗa da kafaɗa, ana tsaka da gudu ya yi tsalle daga bayan wannan ya dira a bayan wancan. Masanin tarihin Rumawa Livy ma ya kwatanta mayaƙan Numidiya, wato yankin Aljeriya ta yau, da irin waɗannan mahaya: kowanne da doki biyu yake shiga yaƙi, in ɗaya ya gaji ya haye ɗayan, da makamansa a jiki.

Ka ga a wurinsu gwaninta ce, kuma akwai dalili: doki ya gaji, yaƙi bai ƙare ba. Turanci ya ɗauki tsallen, ya bar dalilin. A nan na ga kaina. Ban taɓa ajiye littafi don ya gama ba ni abin da ke cikinsa ba. Da zarar bahasi ya yi tsauri nake sauka in haye wani, kuma gumin da nake yi ya sa na yarda aiki nake.

Washegari na koma ofishinsa na ce, “Malam, na duba kalmar.”

Ya ce, “To, faɗa mini tambayar da babin nan ke amsawa, a jimla ɗaya.”

Na yi shiru. Ya miƙo mini farar takarda ya ce kada in tashi sai na rubuta ta. Na fi rabin awa a kujerar nan. Babin da na mayar masa bayan mako uku shafi 14 ne, maimakon 30 na da, littattafai huɗu kawai ke ciki, kuma kowanne na karanta shi har bangon baya.