Labarin da na rubuta wa ɗana bayan rasuwar yayansa

Wata uku da rasuwar babban ɗana na zauna na rubuta wa ƙaninsa ɗan labari. Shekararsa bakwai, yana da lalurar galahanga, wato otizim. Abin da ya ja kuwa, ran nan ya ji wata baƙuwa tana cewa yayansa ya riga mu gidan gaskiya, kawai sai yaron nan ya saka takalmi ya tsaya bakin ƙofa yace "Umma tashi mu je gidan mu taho da Yaya". Wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi.

Rubutun farko na cika shi da lallashi, wai yayan yaron cikin labarin ya yi dogon barci. Kwana biyu ɗana ya ƙi rufe ido, tsoro yake kar shi ma ya ƙi tashi. Irin yaran nan yadda ka faɗi magana haka suke ɗaukarta, ba sa lalubo abin da ke bayanta, ga shi kuma dama sai wajen shekara 5 zuwa 7 yawancin yara ke fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa.

Sai na koma kan tsarin da wata malama 'yar Amurka, Carol Gray, ta fito da shi a farkon shekarun 1990 don masu otizim, gajerun jimloli masu faɗin abu kai tsaye. Na rubuta: Yaya ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya jin ciwo, ba zai dawo ba. Hannuna rawa yake lokacin, amma shafin da ya fi natsar da shi kenan. Na ƙara shafin abubuwan da basu canza ba, gadonsa, lokacin wanka, motocin wasan da suke jerawa tare.

Yaron labarin ban sa shi kuka ba sam, tunda nawa ma bai yi ba, har wasu na cewa bai damu ba, alhali ni nake ganin yadda ya daina cin abinci sosai yana ta maimaita tambaya ɗaya kullum.

Yanzu duk dare sai mun karanta, in na tsallake kalma ko ɗaya ya gyara min. Jiya da muka zo shafin motocin ya tashi ya jera su, jar motar yayan ya sa ta a gaba.