Hanyar masu keke a Utrecht

Jama'a, abin da na gani a Utrecht ta ƙasar Holan ya tsaya mini a rai. Da safe ma'aikata da ɗalibai, har da tsofaffi, kowa na kan kekensa, a hanyarsu ta daban mai jan kwalta, da danjarsu. Wurin ajiye keke na tashar jirgin ƙasa kaɗai yana ɗaukar 12,500!

Ba daga sama abin ya faɗo ba. A farkon shekarun 1970 motoci sun yi ta kashe yara, iyaye suka fito zanga-zanga, ga matsalar mai ta 1973, dole hukuma ta sake tsara tituna.

Ni dai dakalin da ya raba keke da mota a manyan tituna ya fi burge ni, don fenti kawai ba ya tare direba mai gaggawa.