Tallafin noma: manomin wa ke biyan kuɗin?

Ni dai ba na ganin laifin gwamnatin da ta rufa wa manominta asiri. Inda gizo ke saƙa shi ne idan rarar amfanin da tallafi ya haifar ta tsallaka iyaka, ta je ta karya farashi a hannun manomin da ba shi da gata.

Rigimar auduga ce ta fi tsaya mini a rai. A 2002 Brazil ta kai ƙarar Amurka gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, cewa kuɗin da take bai wa manoman audugarta na sa su ci gaba da nomawa ko da kasuwa ta faɗi, su ƙara danne farashin duniya. Brazil ta yi nasara a 2004, ɗaukaka ƙara ma bai ceci Amurka ba. Maimakon ta janye tallafin nan take, sai a 2010 ta yarda ta riƙa biyan kusan dala miliyan 147 duk shekara ga wata cibiyar auduga ta Brazil, a 2014 kuma ta ba da miliyan 300 aka kashe maganar. Wato ta tallafa wa manomanta, ta kuma tallafa wa manoman wadda ta kai ta ƙara! Su Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali, masu noman auduga da suka kai kukansu taron WTO na Cancún a 2003, ba da su aka ƙulla wannan sulhu ba.

Tarayyar Turai ta fi iya wayo. Tsarinta na tallafin noma na 1962 farashi yake tabbatarwa, har man shanu ya yi tsibi a ma'ajiyai a shekarun 1980, aka riƙa fitar da shi waje da araha. Daga 2003 aka fara komawa biyan manomi bisa faɗin gonarsa, ba yawan abin da ya girbe ba, wai hakan ba ya jirkita ciniki. Ban gamsu ba. Wanda ya san kuɗi na zuwa masa duk shekara zai iya sakin alkamarsa a farashin da zai durƙusar da wani. Kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin Tarayyar a tallafin noma yake tafiya.

New Zealand ta soke nata tun 1984, noman bai mutu ba, sai dai ba kowa ke da makiyaya irin tata ba.

Indiya ce ke ɗaure mini kai. Gwamnati na sayen shinkafa da alkama a farashin da ta yanka, ta raba wa mutane kusan miliyan 800. Wa zai ce kada a ciyar da talaka? Amma ita ce kan gaba wajen fitar da shinkafa a duniya, kuma da ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba a Yulin 2023 don kare kasuwarta, ƙasashen da ke saye daga wajenta ne suka ji a jikinsu.