Asusun ɗiyata da bashin da na ci a wurinta

Lokacin da muke yara a nan Tahoua, duk ranar sallah mukan bi gida-gida muna barka da sallah, mu dawo da yamma aljihunmu yana ƙara da ƴan silalla. Da zarar mun shigo, sai wani babba ya miƙo hannu ya ce: "Kawo in ajiye maka, kada su ɓace." Ban taɓa sake ganin ko dala ɗaya daga cikin kuɗin nan ba. Na sani ba mugunta ce ta sa su hakan ba, domin a tukunyar da muke ci kuɗin suke ƙarewa, amma abin da ya zauna mini a rai shi ne cewa wanda ya ajiye kuɗi ya yi asara, don haka na koyi kashe rabona a teburin mai alewa tun kafin in iso ƙofar gida. Wannan hali ya bi ni har na girma, na shekara da shekaru albashina ba ya kai ni tsakiyar wata.

Shi ya sa da ɗiyata ta fari ta shiga lakwal, na je wurin masu tukwane a kasuwa na saya mata asusu na yumɓu, irin wanda ba a iya ciro abin da ke ciki sai an fasa shi. Muka yi yarjejeniya a gaban mahaifiyarta: kullum za a ba ta dala goma ta tafi da su, rabi nata ne ta sayi abin da take so, rabi kuma na asusu ne, kuma babu wanda zai taɓa shi a gidan, ko ni ko uwarta.

Dala biyar ba komai ba ce a idon babba, amma na zaunar da ita muka ƙirga da tsakuwa, ta gani da idonta cewa idan ta jefa dala biyar sau 40 ta tara jika guda. A nan ne na lura da wata wahala da yaranmu suke sha wadda ba mu cika kula da ita ba. A lakwal ana koya musu lissafin kuɗi da Faransanci, a ce sefa 100, a teburin unguwa kuwa mai kaya zai ce dala ashirin, kuma abu ɗaya ake nufi, tunda kowace dala sefa 5 ce. Yaron da ba a warware masa wannan ba yakan karɓi canji bai san ko ya cika ba. Na mayar da aike ya zama darasi: idan na ba ta dala ɗari ta sayo sabulu, sai ta faɗa mini nawa aka sayar mata, nawa ya rage, ta ajiye canjin a hannuna ko da dala biyu ne. Wani lokaci nakan bar mata su bayan ta kawo, amma sai ta kawo tukuna, domin yaron da ya saba ɓoye ragowar aike yau, shi ne gobe za a damƙa wa kuɗin jama'a ko dukiyar marayu.

Haƙuri shi ne mafi wuyar koyarwa, kuma ban nemi misalinsa nesa ba. Kowa a Adar ya san yadda tiyar hatsi take araha da kaka, ta kuma yi tsada idan damina ta kankama rumbuna suka yi ƙasa, kuma manoman albasa na Galmi sun san bambancin kuɗi tsakanin wanda ya sayar ranar da ya cire da wanda ya iya adanawa na wasu watanni. Na kai ta ƙauyenmu ta ga rumbun kakarta, tsohuwar ta nuna mata damin da aka ware na iri, wanda ko yunwa ta yi tsanani ba a sussuke shi. Daga ranar ta daina girgiza asusun tana tambayar yaushe za a fasa.

Uwarta ma ta taimaka ba tare da dogon bayani ba. Tana cikin ƙungiyar asusu ta mata irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a Maradi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma takan tafi da yarinyar wurin zubi na mako-mako. Can ta ga manyan mata suna ajiye kuɗi a gaban kowa, ana ƙirgawa da ƙarfi, wadda ta ranta tana mayarwa a kan lokaci. Ina ganin wannan ya fi muhimmanci a yanzu, domin yaran garin nan da yawa iyayensu maza suna ci-rani a Abijan ko Libiya, kuɗi kuma suna isowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza, wani lokaci ma a cikin waya kawai, sai yaro ya ɗauka daga cikin wayar suke fitowa, bai ga zufar da aka zubar kafin a same su ba.

Ban so kuma ta zama marowaciya, saboda haka ranar Juma'a ita ke zaɓar wanda za ta ba sadaka daga rabin da yake nata.

Jarrabawar gaske ta zo mini ne da kaina. Wani ƙarshen wata ƙanenta ya kwana da zazzaɓi, aka rubuta magani, aljihuna kuma babu abin da zai isa. Asusun yana kan kanta a ɗaki, yarinyar tana barci, kuma da na fasa shi babu wanda zai ga laifina. Sai na tuna hannun da ake miƙo mini ranar sallah. Na tashe ta, na gaya mata halin da ake ciki, na ce: "Ɗiyata, rance nake nema a wurinki." Ita da kanta ta buga shi a ƙasa, muka ƙirga jika biyu da dala sittin, na rubuta adadin a takarda da ranar da zan biya, ta ɓoye takardar a cikin jakar lakwal ɗinta.

Ranar da albashi ya shigo, kafin in sayi komai na kawo mata kuɗinta cif, tare da sabon asusu. Ta ƙirga su sau biyu, ta yaga takardar, sannan ta ce: "Baba, wannan karon kaza nake so in saya, idan ta yi ƴaƴa in sayar in haɗa kuɗin akuya." Kazar tana nan a bayan ɗaki yanzu, tana kwance a kan ƙwai tara, kuma ƙanen nata ya fara roƙon a saya masa nasa asusun.