Kiristocin Arewacin Kamaru da Amanar Ƙasa

A nan Marwa ba a buƙatar wani masani ya shaida wa mutum cewa ƙasa ta sauya. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. A 2021 rikicin ruwa tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa, wanda ya faro daga Logone-Birni har ya kai Kusiri, ya kori dubban mutane zuwa Chadi, sannan a 2024 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Yagwa. Ni Musulmi ne, amma da yawa daga maƙwabtana da abokan aikina Kiristoci ne, Mafa da Tupuri da Giziga, kuma na daɗe ina sauraron yadda suke auna wannan lamari da ma'aunin addininsu.

Bakinsu bai zo ɗaya ba. Akwai masu cewa duniya gidan wucewa ce, suna kafa hujja da wasiƙar Bitrus ta biyu a cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka ce sammai da ƙasa za su shuɗe da wuta, don haka aikin ikkilisiya ceton rayuka ne, batun itatuwa kuwa na gwamnati ne. Wasu kan ƙara da babin farko na Littafin Farawa, inda aka ba ɗan Adam iko a kan halittu. A kan wannan fahimta ce masanin tarihi Lynn White na Amurka ya ɗora wa Kiristancin Yamma alhakin lalacewar muhalli a 1967, zargin da malaman addinin suka shafe shekaru suna amsawa.

Amsar tasu, wadda na fi ji daga bakin fastoci da katikis (masu koyar da addini a majami'a) na yankinmu, ita ce babi na biyu na Littafin Farawa ya ce an ajiye Adamu a gonar Adnin domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, Zabura ta 24 kuma ta ce duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Mutum ke nan mai riƙon amana ne, kuma za a tambaye shi. Shari'ar Musa ma ta umarta a bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai, ta kuma hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko da a lokacin yaƙi ne. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', wadda ta haɗa kukan ƙasa da kukan matalauta wuri guda, a shekarar ne kuma Katolika suka karɓi ranar 1 ga Satumba a matsayin ranar addu'a domin halitta, al'adar da Cocin Otodoks ta fara tun 1989.

A ganina koyarwar ba ta da matsala, inda ake tuntuɓe shi ne wajen aiki. Abin da ya fi sauƙi shi ne bikin dashe: a rabo tsirrai, matasan majami'a su dasa su da waƙe-waƙe, a watse, sannan rani ya shigo babu mai ban ruwa, awaki su ƙarasa abin da rana ta bari. Masallatanmu da makarantunmu ba su tsira daga wannan hali ba. Darbejiyar da ke yi wa titunan Marwa inuwa, da wadda aka dasa a ƙarƙashin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert tun zamanin Shugaba Ahidjo, ta rayu ne saboda an samu masu tsaronta har ta fi ƙarfin bakin dabba.

Shi ya sa aikin Kirista guda da ya fi burge ni a wannan fage ba dashe ba ne. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi ta Nijar, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa kafin shuka tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shawarci manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare su. Manoman, waɗanda akasarinsu Hausawa Musulmi ne, su suka yaɗa dabarar daga gona zuwa gona har miliyoyin itatuwa suka dawo, ciki har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ba gero taki ba tare da ya tare masa rana ba. Mafa na duwatsun Mandara ma, da katangun duwatsun da suke jerawa don riƙe ƙasa da ruwa a gangare, sun san irin wannan haƙuri tun kafin zuwan mishan.

Sai dai akwai tambayar da wa'azi bai amsa ba tukuna, wato da me za a yi girki. Lokacin da gwamnatin Chadi ta hana gawayi a ƙarshen 2008, iyalai a N'Djamena sun sha wuya ƙwarai, domin an hana abu ba a tanadi madadinsa ba. Wata dattijuwa daga zumuntar mata ta wata majami'a a unguwarmu ta taɓa ce mini: "Ɗana, babu wanda ke son saran itace, amma tuwo ba ya dahuwa da addu'a." Ƙungiyarsu ta koma gina murhun laka mai rage cin itace, suna kuma koya wa matan unguwa, Kirista da Musulmi, kuma kowace mace da ta koya ana roƙonta ta gina wa maƙwabciyarta guda.