Inci da milimita a shagon gyaran injina

Sana'armu gyaran injina ce da ƙera musu ƙananan kayan gyara: injin ban ruwa, janareto, injin hura iska, duk abin da ke juyawa ya tsaya ba shiri. Kamfanin ƙarami ne, ni da 'yan ma'aikata da yara masu koyo. Wanda ya dubi bangon kayan aikinmu zai ɗauka almubazzaranci nake yi, don komai biyu-biyu ne. Sifanonin milimita a dama, na inci a hagu, haka soket, haka bakin diril. Ba sha'awa ta sa ba. Injinan da ake kawo mana ba ƙasa ɗaya ta ƙera su ba, kowanne da awon da ya zo da shi.

Da awon nan biyu sun yi nesa da juna, da sauƙi, ido ma zai raba su. Kusancinsu ne masifar. Sifanar rabin inci milimita 12.7 ce, ga kuma sifana lamba 13 kusa da ita. In ka ɗora 13 a kan noti mai faɗin rabin inci za ta zauna kamar tata ce. Sai ka ja da ƙarfi ta zame, ta cinye kusurwoyin, kan notin ya zama kewayayye, babu sifanar da za ta sake kama shi. Daga nan sai kurfi da guduma, ko a yi masa walda da wani ƙarfe a murɗo shi. Aikin da bai kai a zauna ba ya cinye safiya. Abin da ke ƙara ruɗa mai koyo, wani lokacin dabarar tana ci: uku bisa huɗu na inci milimita 19.05 ne, lamba 19 tana kwance shi lafiya lau, sai yaro ya ɗauka ko'ina haka ne.

Na zaren bol ya fi wannan muni. Bol ɗin M8 kaurinsa milimita 8, na inci biyar bisa sha shida kuwa 7.94, ko a tafin hannu ka jera su ba ka bambancewa. Amma tazarar zaren na farko milimita 1.25 ce, na biyun, mai zare 18 a kowane inci, ta kai kusan 1.41. Zai shiga zagaye ɗaya, biyu, sai ya cije. Yaro mai jin ƙarfi ya ce, "Maigida, tsatsa ce," ya sa dogon hannu ya danne. In ramin a jikin alminiyom yake, zaren ya tafi ke nan, sai an sake huda shi an yanka sabo. Kama da wane ba ta wane.

Kuma incin ma ba iri ɗaya ba ne a wajen zare. A 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya fitar da tsarinsa, kusurwar zaren digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna musu notin wannan ba ya hawa bol ɗin wancan, alhali gefe ɗaya suke yaƙi, sannan Amurka da Ingila da Kanada suka haɗa tsari ɗaya a 1949. Shi kansa tsawon inci sai a 1959 aka tsayar da shi a kan milimita 25.4 daidai. Tsofaffin injinan Ingila kuwa ba su ji wannan labari ba, suna nan suna aiki, shi ya sa akwai jeri na uku a cikin akwati. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth kaurin bol take nufi, ba faɗin kansa ba, don haka ba na bari mai koyo ya taɓa su sai ya kwana biyu.

Bututu shi ma da nasa. Wanda ake kira na rabin inci, in ka auna shi ta waje milimita 21.3 za ka samu, suna ne kawai ya bi shi tun zamanin da. Zarensa iri biyu ne, BSP na Ingila da NPT na Amurka, kuma a wannan girman duka biyun zare 14 ne a inci. Suna shiga juna ba gardama, ka ɗaure, ka tayar da injin, sai ga ruwa yana tsattsafowa. Mai gaggawa ya naɗa farin tef ya sallami mai kaya. Bayan mako kaya ya dawo, kuma sunan shago ne ya zube, ba na tef ba.

Sai kuma masu kawo aiki. Mutum ya kira a waya ya ce a yanka masa farantin ƙarfe "talatin da ashirin". Na me? Ya yi shiru, ya ce ai abin da tef ɗin awo ya nuna ke nan. Tef ɗin fuska biyu gare shi, sama inci, ƙasa santimita, shi kuma layin da ya fi kusa da idonsa ya karanta. Wani ya ce geji 16 yake so, wato lambar kaurin farantin ƙarfe, bai san cewa a geji lamba na hawa ƙarfe na sirancewa ba, kuma geji 16 na baƙin ƙarfe ya fi na alminiyom kauri. Zane ya zo daga Jamus an rubuta 1,250, su waƙafi suke sawa inda wasu ke sa ɗigo, wato ɗaya da kwata, ba dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ba. Ka shiga intanet neman injin ruwa, an rubuta yana tura galan kaza a minti. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, mai tallar bai ga dalilin faɗa maka wanne ba. Ko tayar motar da muke kai kaya da ita ba ta tsira ba: 195/65 R15, faɗi da milimita, tsayin gefe da kashi cikin ɗari na faɗin, rim da inci, duk a layi ɗaya.

Ina rage wa kaina takaici da tuna cewa a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfin turi da awon fam, wani ya karɓa a matsayin niyuton, awon tsarin mita. Su tasu asarar ta shiga jarida. Tamu sai dai ta shiga littafin bashi.

In an tambaye ni, milimita na zaɓa, ba na ɓoyewa. Ka tambayi sabon yaro wanne ya fi girma tsakanin tara bisa sha shida da biyar bisa takwas, sai ya ɗaga kai sama yana lissafi, amma 14 da 16 ko barci yake ya sani. Sai dai zaɓina ba ya canza komai. Amurka tana cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Faransa tun 1875, ta kuma yi dokar komawa mita a 1975, amma ta bar wa kowa ganin damarsa. Ko gobe duniya ta daina ƙera kayan inci, injinan da ke hannun mutane za su ƙara shekaru masu yawa, kuma wurinmu za a kawo su. Ma'ana jarina zai ci gaba da kwanciya a gwangwanayen noti iri uku, waɗansu sai su shekara ba a buɗe ba, amma ranar da babu su a ranar ake nemansu.

Abin da muka iya yi shi ne kafa doka a cikin gida. Ba a rubuta lamba a takardar aiki ba tare da awonta ba, ko da nawa ne hannun. Ba ma yanka ƙarfe da awon waya, sai an kawo tsohon abin ko mu je mu auna da kanmu, mai gaggawa ya yi haƙuri. Gwangwanin inci jan fenti, na milimita shuɗi, na Whitworth yana cikin akwati a kulle. Bol kuwa da yatsa ake fara murɗa shi, in bai yi zagaye uku salin-alin ba, a ciro shi a kawo mini, ba a sa masa sifana.