Ni ma na tafa

Ɗazu da la'asar a bakin layinmu wani yaro ya ɗaga tayar gaban babur sama, ya saki hannu ɗaya, matasa na ta shewa. Ni ma sai da na tafa, ba zan ɓoye ba. Ina shiga gida Lincoln Beachey ya faɗo mini a rai, Ba'amurken nan da ya mayar da tuƙin jirgin sama wasan kasada. A 1911 ya kutsa ta ƙarƙashin gadar da ke dab da magangarar ruwan Niagara, a jirgin da bai wuce sanduna da waya da yadi ba, shi kuma yana zaune a fili iska na dukansa. A 1913 har ya ajiye sana'ar saboda matuƙan da ke mutuwa garin kwaikwayonsa, amma ina, bai daɗe ba ya koma, har da adungure a sararin sama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar 14 ga Maris 1915 a San Francisco. Dubban mutane sun ɗaga kai, ya sako jirginsa zuwa ƙasa a tsaye, fukafukan suka karye, ya afka cikin ruwa. Ashe ba faɗuwar ce ta kashe shi ba, nutsewa ya yi yana ɗaure a kujerarsa. Shekararsa 28 kacal. Yaron ɗazu ko hular kwano babu a kansa, ban ma san ɗan gidan wa ba ne, kuma na tafa masa.